Karkataccen Bututun Mobilet

Tabon yana nan a ƙwaurina har yau. Ina amarya na same shi, ranar da maigidana ya goyo ni a ɗan babur ɗinsa mobilet daga Gungen, bututun hayaƙi ya gasa mini ƙafa. Da muka iso Zongo sai da na zazzaga masa masifa.

 Ɗan kasuwar yadi ne, ba makanike ba, filaya da guduma kawai gare shi. Washegari ya kwance bututun. Ya soya yashi a kaskona har ya bushe ƙarau, ya ɗura a ciki, ya toshe bakin, don kada ƙarfen ya lotse wurin tanƙwarawa. Ya ɗora kan gawayi, ina fifita ina mitar kaskona. Da ya yi ja, ya soka shi tsakanin rassan mangwaro ya danna a hankali, har ya kauce daga inda ƙafata ke sauka.

Bututun ya yi muni, abokansa suka yi ta dariya. Amma bai sake ƙona ni ba.

Bayan rasuwarsa, mobilet ɗin ta faɗa rabon ƙanensa. Da na fita takaba ya zo gaishe ni a kanta, sabon bututu na ƙyalli.

"Matar Yaya, na raba ta da karkataccen nan," in ji shi. "Ko wane ɗan koyo ya yi wannan aika-aika?"

Na tambaye shi ina tsohon. Ya ce yana bola.

Na shiga ɗaki na zauna, na dafe tabona.