Ranar da Aka Kai Alƙur'ani Gonarmu

Wasu shekaru can baya, ina saurayi a Tahoua, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da mafarkin aure. Mahaifina ya rasu ya bar mana gona a wajen Barmou. A gefenta akwai wani babban gawo, kuma na riga na yi wa masoyiyata alkawarin ɗaki a inuwarsa, har da tagar da za ta riƙa hango gero.

Sai maƙwabcin gonar, wani dattijo, ya ce gawon da abin da ke bayansa nasa ne.

Ban damu ba da farko, domin kafin rasuwarsa mahaifina ya kai masu awon filaye, sun zaga gonar da shi, sun rubuta iyaka. Takardar ce kawai ba ta fito ba. Damina biyu ina zarya a ofishinsu. Yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe an canza shi, jibi ba a ga dosiyen takardunmu ba. Da na gaji na kai ƙara kotu, na haɗa da dattijon da masu jinkirin. Alƙali ya aika a kawo takarda, shiru. Shuka ta matso, sai aka ce tunda babu takarda kuma shaidu sun mutu, in rantse da Alƙur'ani a gonar.

A wajenmu ba a wasa da wannan. Kowa yana da labarin wanda ya rantse a kan ƙasa bisa ƙarya, bai ga girbi ba. Mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ka gani da idonka ranar da aka ja iyakar?"

Na ce, "Inna, ai a ƙarƙashin gawon nan nake shan fura tun ina yaro."

Ta ce, "Shan fura na tambaye ka?"

Ranar rantsuwar, da hantsi, liman ya ɗora Alƙur'ani a kan tabarma. Na yi alwala. Mutane suka ja da baya, kamar ni ne za a binne. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka sauri? Ubanka abokina ne. In ka taɓa Alƙur'anin nan, rantsuwa ba a maida ta."

Na durƙusa. Na nemi hoton iyakar a raina, ban samu komai ba sai tagar nan da na ƙirƙira. Na ji kaina ina cewa, "Malam, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Aka bar wa dattijo gawonsa. Abokaina suka ce ni matsoraci ne, masoyiyata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Bayan girbi takardar ta fito. A tsaye na karanta ta a bakin ofishin. Iyakar da mahaifina ya nuna da kansa ta tsaya taku da yawa kafin gawon.

Na zauna a ƙasa, a gaban mutane. Har yau idan na tuna saura kaɗan tafin hannuna ya sauka a kan Alƙur'anin, sai in ji sanyi ya ratsa bayana. Ban taɓa nufin yin ƙarya ba. Na dai so abin ne sosai, har na ɗauka na san shi.