Baƙuwar Waya A Kan Intanet Ɗin Alhaji Sahabi

Akwai wata Laraba a Bakura da ba na jin zan manta da ita muddin ina raye. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani shagon haɗa intanet da kamara a Talata Mafara, ƙarƙashin ogana Injiniya Lawali. Cikin damina ne, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum, kowa a yankin yana kwana da fargaba.

Ga wanda bai san aikin ba, babban gida akwatin wayifai ɗaya ba ya isar shi. Sai mu sa uwar akwati inda intanet ke shigowa, mu rarraba ƙanana a sassan gida, suna miƙa wa juna sabis. A wayarmu kuma akwai manhajar da ke nuna kowace na'ura da ta hau, da akwatin da ta kama.

Irin wannan muka haɗa wa Alhaji Sahabi a gidansa na Bakura, mai fataucin shanu ne zuwa kudu. Ya sa kamarori ne bayan an sace ƙanensa a hanyar Maradun, kuma duk gidan sun yi imani wani na kusa ne ya ba da labarin tafiyar. Ranar nan ya kira ya ce kamarar ƙofar baya, wajen garke, tana ɗaukewa. Oga ya tura ni.

Bayan mun gaisa da Alhaji, babban ɗansa Murtala ya raka ni bayan gida. Matsalar ba ta da wuya: sun gina rumbu mai rufin kwano tsakanin akwatin tsakar gida da na baya, ya tare sabis. Ina duba manhaja sai na ga wata waya marar suna a kan akwatin baya, tana jan data sosai. Na ce, kamar mai magana da kansa, "Wannan kuma wayar wa ce? Ban san ta ba."

Murtala ya tsaya cak. "Mi ka ce?"

Na ce ƙila ta wani ce a gidan. Ya tattaro wayoyin gidan duka, har na matan, muka gwada. Babu wadda ta dace. Sai ya juya ya dubi bukkar da ke gefen garke. Nan Malam Jabbi yake kwana, dattijon makiyayin da ya daɗe yana kula da shanun Alhaji.

Kafin in ankara, Murtala ya buga waya. 'Yan sa-kai suka iso a kan babura da bindigoginsu na gargajiya. Suka fito da Malam Jabbi, suka zaunar da shi a ƙasa cikin taɓo. Ya miƙa masu 'yar wayarsa mai maɓalli.

Na ce, "Wannan ba ta hawa wayifai, wallahi."

Shugabansu, wani dogo mai layu a damtse, ya ce, "Mun sani. Ta biyun muka nema. Infoma ba ya aiki da waya guda." Sannan ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ma wa ya san ka? Kai ka haɗa abin ga. Wa ka ba lambar sirri?"

Na san inda ake kai wanda aka kira infoma, na kuma san ba kowa ke dawowa ba. Suka shiga bukkar suna zazzage kaya. Malam Jabbi yana ta salati.

Na koma gefe na kira oga. Ya saurara, ya ce, "Nasiru, natsu. Toshe wayar daga manhaja. Mai ita zai yi magana. Kuma ka roƙi Alhaji kar a fita da mutumin nan daga gidan."

Na durƙusa gaban Alhaji. "Alhaji, don girman Allah a ba ni lokaci kaɗan. Na'ura ba ta faɗi sunan kowa ba."

Ya dubi Malam Jabbi, ya ce wa dogon, "Ku dakata."

Na toshe wayar. Muka tsaya. Babu abin da ake ji sai kukan maraƙi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauko igiyar ɗaure shanu yana warwarewa a hankali. Ni kuwa tunanina ɗaya: idan mai wayar ya yi shiru fa?

Can sai muka ji muryar mace daga bayan katanga. "Salamu alaikum! Hajiya Asabe, ko wutarku ta ɗauke? Ina cikin magana da Zainabu sabis ya yanke."

Maƙwabciyarsu ce, Malama Hadiza, wadda mijinta ya rasu. 'Yarta Zainabu na aure a Sakkwato, tana kan gwiwa a asibiti. Hajiya Asabe, matar Alhaji, ita ta ba ta lambar sirri don su riƙa ganin juna ta bidiyo, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba. Hajiyar ta fito bakin ƙofa tana kuka, ta ce tun da aka karɓi wayoyinsu ba wanda ya gaya masu dalili.

Na cire toshewar da na yi wa wayar, Malama Hadiza ta ce sabis ya dawo. 'Yan sa-kai suka hau baburansu ba tare da sun dubi kowa ba.

Alhaji ya kama hannun Malam Jabbi ya tashe shi, yana ba shi haƙuri. Dattijon ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ba komi, Alhaji. Amma in anka iya zaunar da ni ƙasa yau, gobe ma ana iyawa." Ya tattara kayansa da aka watsar, ya ɗauki sandarsa. Daga baya na ji ya koma wajen danginsa a Damri.

Na matsar da akwatin tsakar gida zuwa saman barandar da ke kallon garke, kamara ta dawo.

Shi ya sa, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, nake matsa maku: ranar da kuka haɗa, ku sa wa kowace waya sunan mai ita, ku tambayi matan gida wa suka ba lambar sirri. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku bincika a shiru kafin ku buɗe baki. Muna shiga gidajen mutanen da tsoro ya riga ya cika, kuma duk abin da mai gyara ya faɗa, hujja suke ɗaukarsa.