Baba Mai Shara a Akwatin Shaida

Shekara ashirin da biyu Baba mai shara ya yi yana goge ajujuwan tsangayar shari'a, kuma a cikinsu ya ga kisan kai goma sha ɗaya da fashi takwas. Duk na ƙarya ne. In za a yi kotun gwaji, wadda ɗalibai ke zama lauyoyi, shi ake sawa shaida. Sai ya jingine tsintsiya bayan ƙofa, a karanta masa labarin sau ɗaya, ya shiga akwati.

Halinsa ɗaya ne. Abin da ka tambaya shi zai amsa, ba ƙari ko na ƙwayar zarra. Ɗalibai ba sa ƙaunarsa, ni ma haka.

A shekarar ƙarshe ni ce ta ɗaya a aji, dokar shaida ko daga barci aka tashe ni sai na zubo ta. Amma duk wanda ya faɗi kotun gwaji sai ya maimaita shekara. Aka ba ni kare wani direba da ake zargin ya buge mutum ya gudu, Baba ne shaidata.

Na tambaye shi ko yana wurin, ya ce yana nan. Ko ya ga motar, ya gani. Launinta, fara. Na jero sassan doka uku, na zauna ina ji da kaina. Malamin da ya zama alƙali ya ɗaure direbana, ya kayar da ni. Ashe a labarin da aka karanta wa Baba ya ga mai tuƙin, kuma ba direbana ba ne.

Na same shi a baranda yana matse tsumma. Raina a ɓace na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa.

"Ba ki tambaya ba, 'yata."

Na ce haba Baba, a kan wasa ya ci mini shekara guda.

Ya ce shi ma ya taɓa tsayawa a kotun gaske, shaidar ƙaninsa. Lauyansu sabon fitowa ne, baki kamar reza. Baba ya yi ta jira a tambaye shi inda ƙanin yake ranar, don tare suka yini. Da ya gaji ya buɗe baki, alƙali ya ce ya amsa abin da aka tambaye shi kawai.

Kunya ta rufe ni. Na ce shekara nawa aka ba ƙanin.

"Tara. Ya yi shida ya rasu a ciki." Ya shanya tsumman a kan ƙarfe. "Taki shekara guda ce, kuma a gida za ki yi ta."