Guzurin Iya Haulatu a Tseren Daji

Duk wanda ya taɓa tashi daga Obiagu zuwa Arewa ya san ƙofar Iya Haulatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai guzuri. Daga Kazaure mijinta ya kawo ta Enugu tana amarya, shi yana sayar da albasa, ita tana haɗa wa abokan sana'arsa abin taɓawa a hanya idan za su gida. Da ya rasu, 'yan uwanta suka aiko ta koma. Ta ce to, bari ta sallami masu tafiyar wannan makon tukuna. Har yau ba ta gama sallamar su ba.

Da Igbo take ciniki a kasuwa, kamar 'yar gari, amma in faɗa ya tashi sai da Hausa. Dambun nama take yi, da dakuwa, da soyayyar zabuwa mai kwana uku a leda ba ta canza ba. A ganinta guzuri ba na mai shi kaɗai ba ne. Duk wanda kuka zauna a mota ɗaya yana da rabo a ciki, don haka kafin ta ɗora tukunya sai ta tambaya, ku nawa ne?

Ni Shafi'u, a gabanta na girma. Ƙawar kakata ce, shi ya sa take kira na mai gida. Agogo nake gyarawa a bakin titi, a zaune nake wuni, kuma tumbina ya fara nuna hakan.

Maƙwabcina Nehemiah, mutumin Kagoro, gadi yake yi a wani otal, kullum da safe yana gudu. Shekara guda ya yi yana shirin wani tseren daji da ake yi a tsaunukan wajen Ngwo: gudu, hawan dutse, ƙetare rafi, da taswira a hannu. Bibbiyu ake shiga, kuma tare za a isa. Ba na ɗaya yake nema ba, burinsa kawai ya ƙarasa kafin a rufe. Ana saura makonni kaɗan aka mayar da abokin tafiyarsa Fatakwal. Ya duba unguwa kaf, ya zaɓe ni, ba don ƙafata ba, sai don ya san ban iya cewa a'a ba.

Shi ya haɗa mini kaya. Takalmin kambas na gwanjo, tocila mai ɗaurawa a goshi, usur, rigar ruwa, bandeji, gorar ruwa, da 'yar jakar goyo. Ya ce duk abin da ba zai cece ni a daji ba in bar shi a gida. Shi har ragowar igiyar jakarsa ya yanke, wai nauyi ne.

Na ce, "Buta fa?"

Ya ce, "Gorar ruwan ta ishe ka alwala. Ka ji ni? Nauyi shi ne maƙiyinmu."

Ranar Alhamis na je yi wa Iya sallama, da 'yar jakar goye a bayana. Na same ta tana tsince gyaɗa.

"Mai gida, ina kuma za ka ka bar ni?"

"Tsere za mu yi a daji, Iya, ranar Asabar."

"Wa ya biyo ku?"

"Ba kowa. Wasa ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mutum da hankalinsa, ba a kore shi ba, ya kama gudu a daji. To. Ku nawa ne?"

Tun ina yaro nake jin wannan tambayar, na kuma san abin da ke biyo bayanta. Amma sai na amsa kamar ɗan makaranta da aka tsayar a aji. Na tuno taron da na gani wurin rajista, na ce, "Za mu kai sittin."

Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da tsintar gyaɗarta.

Ranar Asabar da safe ina ɗaura takalmi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Iya ce da kanta, da samira mai hawa uku, da ledoji ɗaure da bakin zare. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga bayan hannunta duk ƙunar mai, idonta ja da hayaƙi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, Iya."

Dole masu shirya tseren su ga kayan da suka wajabta, in ba haka ba su hana mutum shiga. Sai na yi dabara. Na sa rigar ruwan a jikina, na ɗaura tocila a goshi da rana tsaka, na rataya usur a wuya, na cusa bandeji a aljihu. Jakar ta koma ta zabi da dakuwa. Samirar kuma na rungume ta.

Nehemiah ya daɗe yana kallo na a wurin tashi. "Shafi'u, ƙaura za ka yi?"

"Iya ce."

"Wace Iya? Me na faɗa maka a kan nauyi?"

Aka busa usur kafin in amsa.

A gangaren farko ban ji komai ba, nauyin ma tura ni yake yi. Da muka fara hawa ne rigar ruwan ta zama tukunya, ni kuma naman ciki. Na ga mafita ɗaya ce, in raba guzurin ga masu shi. Duk wanda ya zo wucewa sai in miƙa leda in ce masa bismilla. Wasu suka ɗaga hannu, wasu suka kauce kamar zan roƙe su. Wata mata ta karɓi dakuwa ɗaya, barkonon ya shaƙe ta, ta wuce tana tari tana waiwaye na.

Nehemiah ya ce, "Abeg, don Allah ajiye shi a gindin bishiyar nan."

"Abinci ne fa."

"Na san abinci ne."

"To kai ka zubar."

Na miƙa masa samirar. Ya riƙe ta, ya dubi daji, ya dubi samirar, ya yi tsaki, ya ɗora ta a kafaɗa. Shi ma uwa ce ta raine shi.

Haka muka ƙetare rafi, ruwa iya ƙugu, shi da samira a ka, ni da jaka a ka. A hayi karnukan wani ƙauye suka jiyo ƙamshi suka shiga sahunmu. Su kaɗai ne ba su wuce mu ba a ranar.

Da muka isa zangon tsakiya, ma'aikatan tseren suna naɗe rumfa. Wani saurayi ya cire mana lambobin ƙirji cikin ladabi, ya ce lokaci ya wuce, sai dai baɗi. Nehemiah ya zauna a kan dutse, ya kwance takalminsa a hankali, ya juya mini baya. Da zagi na ya yi, da na fi samun sauƙi. Ma'aikatan ne suka ci zabin, suna tambaya ko ana samu a saya.

Sai bayan mako ya sake amsa gaisuwata da baki. Ya ce zai raka ni mayar da samira, don yana da magana da tsohuwar. A hanya yana ta maimaita abin da zai faɗa mata.

Iya ta buɗe samirar hawa-hawa, ta ga wayam, ta yi murmushi. "Kun ci tseren?"

Nehemiah ya durƙusa. "Mama, ba mu ƙarasa ba. Ƙarfinsa ne ya ƙare a kan dutse. Dalili kuwa..."

"Na sani," in ji ta. "Yunwa ce. Tun da na ga 'yar jakar nan na ce ba za ta ɗauki abin kirki ba, rabin dambun ma a gida na bar shi. Ɗana, baɗi ka nemo masa babba."

Nehemiah ya buɗe baki, ya dube ni, ya ce, "To, Mama."

A waje ya gaya mini ya riga ya yi magana da wani Andrawus, da shi zai shiga baɗi. Ya ce in ina ƙaunar zaman lafiya kada in bari ta san ranar.