Gidan da Na Jira wa Damina

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa da na watannin baya aka danƙa mana a dunƙule, ina koyarwa a wata firamare a Kazaure. Abokan aikina kowa ya rikice. Wannan ya sayi babur, wancan ya ɗauko rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa. Ni kuwa na ƙulle nawa, na sayar da shanu biyu da na gada, na ce gida zan saya. Ba hankali na fi su ba, Inna ce dalili.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu can bayan Roni. Ƙafafunta sun fara kumbura, in ta ɗan taka sai numfashi ya gagare ta. Malamin asibiti ya ce lallai ta dawo kusa, a riƙa duba ta duk mako. Na je na durƙusa na roƙe ta ta biyo ni gari. Ta ce, "Gidan hayar? Da girmana in je in kwanta inda ake biyan kuɗin kwana kamar fatake? Ran da ka yi naka, ka zo ka ɗauke ni." Duk wanda ya san Inna ya san magana ta ƙare.

Na sami wani dillali mai surutun tsiya, muka shiga gari. Ya nuna mini wani a cikin tsohon gari kusa da marina, lungu ne da ko jaki sai ya karkace zai wuce. Na ce a'a. Ya nuna mini wani a bayan tasha, na ce ba zan kawo tsohuwa inda 'yan kamasho ke zagin juna tun safe ba. Can sai ya kai ni bakin gari, wata sabuwar unguwa a gindin dutse, inda gonaki suka fara zama gidaje, ya nuna mini wani gida.

Wallahi ina shiga na ji gidan ya kwanta mini. Soro ɗaya, ɗaki uku, ginin ƙasa da shafen siminti, rufin kwano. Rijiya a tsakar gida, masai can nesa da ita a kusurwa. Na ja guga na ɗanɗana ruwan, babu kanwa. Na bi bango ina ƙwanƙwasawa. Na taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa asibiti don in ji nisan a jikina, na ga ko a keke za a iya kai Inna. Kasuwa ce da ɗan nisa, amma an riga an jibge turakun lantarki a bakin hanya. Mako guda ina zuwa salla a masallacin unguwar don in san da wa zan zauna: mahauci ne a dama, wani masinja a hagu, sai wani Bafulatani da ya yi zaman gari da 'yan shanunsa. Na ce madalla, Inna ta sami nono a kusa. Kuɗin da aka sa wa gidan ya ɗara na cikin gari kaɗan, bai kai na bakin titi ba, kuma abin hannuna ya isa har da rarar fenti. Mai shi wani dattijo ne, tsohon direba, yana so ya koma Babura wajen 'ya'yansa.

Da a ranar na biya, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma ina! Sai na ɗauko kawuna, wanda magini ne a Roni, don ya sa mini ido. Ya zagaya gidan, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya yi tsaki. "Kai, 'yan boko! Da rani ake sayen gida? Ka san inda ruwan dutsen nan yake bi in ya sauko?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To mu haka muka tarar: gida ko gona, ba a biya sai an ga ruwa a kansa. Ka bari Agusta ta duba maka shi." Maganar ta shige ni, don na sha ganin katangar da ta yi rani lafiya ta zube a ruwa ɗaya.

Dillali ya bi ni har makaranta. "Malam, in jira za ka yi, ka ajiye kafin alƙalami. Garin nan ba yadda ka san shi yake ba." Na ce a raina la'adarsa yake hange. Na sami dattijon na gaya masa ina so in ga damina tukuna. Ya ce, "Ba komai, Malam, je ka." Na ji nauyin in miƙa wa mai furfura kuɗi kamar ban yarda da bakinsa ba, mutumin da muka yi mako muna sahu ɗaya. Na tashi ban ba shi ko kwabo ba.

Wata huɗu na jira. A cikinsu manyan motoci suka yi ta shigowa da siminti da katako, ana gina azuzuwa ko'ina, baƙin ma'aikata suka cika gari suna neman wurin zama. A gabana aka yi duk wannan, ni malamin lissafi, ban haɗa ɗaya da ɗaya ba. Sama kawai nake kallo.

Ran da ruwan da nake jira ya zo, bayan azahar ne. Na hau keke a cikinsa, laima a hannu ɗaya, na je na fake a soron mahauci. Ruwa ya gangaro daga dutsen jawur, ya daki wani ƙaton falalen dutse, ya karkata ya bi kwazazzabo ta baya. Ko ɗigo bai taɓa dokin ƙofar gidan ba. Na yi ta hamdala a fili, na ce gobe zan je in gaya wa Inna ta fara haɗa kwanukanta. Sai na lura da sabon kwaɗo a ƙofar. Mahaucin ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ba ka ji ba?" Wani ɗan kwangila ya saya tun kwana ashirin da suka wuce, ninkin abin da aka ce mini, ko daga motarsa bai sauko ba. Siminti yake ajiyewa a ciki, saboda wurin ba ya danshi.

Dattijon ya riga ya koma Babura. Ban bi shi ba. In ce masa me? Dillali ya ce, "Ai na gaya maka." Kawu ya ce, "To ka gani, gidan yana da kyau, rabonka ne ba ya ciki." Na haɗiye abin da ya zo bakina, don kawu ne.

Na koma wa na kusa da marina da na raina, ya fi ƙarfina. Na bayan tasha ma haka. Kuɗina suna nan a ƙasan akwati yadda suke, amma duk wata sai su ƙanƙance. In na je ƙauye Inna ta ce, "Ya maganar gida?" in ce, "Ana nan ana yi." Na tsani kaina a lokacin, har yau ma ban gama ba.

Bayan lokacin kaka Inna ta faɗi. A bayan a-kori-kura muka kawo ta, ba ta san inda take ba. Ta yi kwanaki a asibiti, suka ce mu tafi da ita gida, an yi abin da za a iya. Muka shimfiɗe ta a ɗakin matata, a gidan hayar da muke zaune da iyali uku. Da ta farfaɗo ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta ce, "Naka ne?" Na ce, "Nawa ne, Inna." Matata ta tashi ta fita.

Ita ce ta bi maƙwabtan ɗaki ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu abin da na ce wa Inna. Daga ranar kowa ya koma ce mini maigida. Mai gidan kansa, wani alhaji mai sayar da yadi, da ya zo dubiya sai ya cire takalmi ya tsuguna ya ce shi maƙwabcinmu ne. Inna ta ji ana daka a tsakar gida da muryoyin da ba ta sani ba, ta tambaya. Matata ta ce 'yan haya muka zuba a ɗakunan baya. Inna ta kira ni ta ce, "Ka riƙa sassauta musu. Wanda ba shi da nasa abin tausayi ne." Na ce to.

Kwananta tara a gidan. Ana gobe za ta rasu ta ce a fito da ita ta ga tsakar gida. Muka ɗauko ta a tabarma, alhajin ma yana nan ya zo gaisuwa. Ta dafa bango da tafin hannunta, ta yi addu'a Allah ya sanya albarka a gidan nan, ya sa 'ya'ya da jikoki su gaje shi, kada ya fita hannunsu. Na ce amin da ƙarfi don ta ji. Alhajin yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa, shi ma ya ce amin.

Jikokinsa ne a gidan yanzu. Ni kuwa wannan da nake ciki shi ne na shida, kuma na haya ne.