Direban da Ya Bar Shanu a Rana

Chigozie, mai sayar da kayan manyan motoci kusa da kasuwar Muda Lawal, bai san direban nan ba. Dattijo ne siriri, rigarsa sharkaf da gumi. Yana tsugunne gaban faranti biyu na ƙarfe, irin mai riƙe bodin tirela da kan mota. Nasa ya karye a Tirwun, da shanu talatin a bodin.

Cikin biyun nan, ɗaya lafiyayye ne, amma ɗaura shi sai gobe. Ɗayan zai hau yanzu, sai dai ya tsage. Dattijon yana ta bin tsagar da farce, kamar wanda ya taɓa ganin bodi ya ɓalle a gangara.

"Baba, wanne?"

"Ba ni na goben," in ji dattijon. "Ɗana, a ina zan samu tankar ruwa saboda shanun?"