Harbi a Ɗakin Ɗan Yayana

Ina yanka albasa a gidan yayana a Jega, da la'asar, sai na ji kukan babura da harbin bindiga. Irin ƙarar da ta raba mu da ƙauyenmu ke nan. Na suri ɗiyata na shige bayan buhuna, na toshe mata baki.

Can sai ga ɗan yayana yana dariya. "Gwaggo, gem ne, wasan talabijin." Ya ja ni ɗaki ya nuna mini. Aka harbe mutuminsa, ya danna maɓalli, mutumin ya miƙe ya ci gaba da gudu.

Na ƙara rungume ɗiyata. Na ce, "Kashe abin nan. Babanta da ya faɗi bai tashi ba."